Sirar Annabi Muhammadu (SAW) da Matsalar Ramuwar Gayya: Darasi ga Musulmin Kafanchan da Kudancin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar Annabi Muhammadu (SAW) da saƙonsa ta fuska guda, wato yadda ya kashe al'adar ramuwar gayya, inda ake huce haushi a kan wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai ƙabilarsu ko addininsu ɗaya da mai laifi. An zaɓi Kafanchan da Kudancin Kaduna ne saboda rikicin 1987, wanda ya taso daga zargin taɓa martabar Annabi, a nan ya fara, kuma rikice-rikicen da suka biyo baya kusan duk salon ramuwa suka ɗauka. Maƙalar ta bi ruwayoyin sira da hadisi, ta gwama su da tarihin yankin. Ta gano cewa Annabi ya rayu cikin marasa rinjaye a Makka, ya kuma riƙe mulki a Madina, amma a hali biyun bai taɓa yarda a kama wani da laifin wani ba. Daga ƙarshe ta kawo shawarwari ga malamai da makarantu da sarakuna.

1.0 Gabatarwa

Ba sai an kawo wa Bahaushe hujja a kan son Annabi ba. Da azumi ana karanta Ashafa ta Alƙali Iyal a zauruka da masallatai, ana raira Ishiriniya da Alburda, a watan Rabi'ul Awwal kuma 'yan Islamiyya kan cika tituna. Imfiraji ta Aliyu Namangi har yau tana bakin mutane, kuma da wuya ka shiga gida ba ka tarar da Muhammadu ko Amadu ko Mustafa ba. Wannan so abin godiya ne ga Allah. Tambayar ita ce: nawa daga cikin halayen Annabi na zamantakewa da wanda ba Musulmi ba ne ke isa kunnen matashin da ya haddace sunayen yaƙoƙi tun daga Badar har Tabuka? Yaron da ya san adadin mayaƙan Badar, shin ya san cewa Annabi ya biya diyyar mutum biyu da ba Musulmi ba, waɗanda sahabinsa ya kashe a bakin hanya?

Musulmi maƙalar ke yi wa magana. Wannan ba yana nufin su kaɗai ke da laifi a abin da ya faru a yankin ba, domin an zubar da jinin Musulmi an zubar da na Kirista, kuma kowane ɓangare na da kaburburan da zai nuna. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kiristoci na da littafinsu da limamansu da za su yi musu nasiha. Mu kuma abin da ya rataya a wuyanmu shi ne mu auna kanmu da ma'aunin wanda muke cewa muna bi.

2.0 Kafanchan da Tarihin Ramuwa

Masarautar Jama'a ta kafu wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, a tsakiyar ƙabilu irin su Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da Kagoma. Zuwan jirgin ƙasa wajen 1927 ya mayar da Kafanchan mahaɗar layin dogo, Hausawa da Inyamurai da Yarbawa suka kwararo neman abinci, a 1933 kuma fadar sarki ta dawo garin. A ɗaya gefen, 'yan mishan sun kafa coci da makarantu a Kwoi da Kagoro da sauran garuruwa, har Kiristanci ya zama addinin mafi yawan mutanen yankin. Dole mai nazari ya faɗi gaskiya: hare-haren kamun bayi na ƙarni na 19, da yadda Turawa suka ɗora wasu ƙabilu ƙarƙashin sarautar da ba su zaɓa ba, sun bar miki a zukata. Wanda ya musanta wannan ba zai fahimci yankin ba.

Ranar Juma'a 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ɗalibai Kiristoci suka shirya taron wa'azi. Ɗalibai Musulmi suka zargi mai wa'azin, Rabaran Abubakar Bako, da karkatar da ayoyin Alƙur'ani da taɓa martabar Annabi. Faɗa ya kaure a makaranta, ya fantsama cikin gari, aka kashe mutane, aka taɓa masallatai. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kama Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci fiye da 100. Waɗanda aka ƙona wa coci a Zariya ba su halarci taron Kafanchan ba, yawancinsu ma ba su san sunan mai wa'azin ba.

Salon bai canza ba tun daga lokacin. A 1992 rigimar sauya wa kasuwa wuri a Zangon Kataf ta ci rayuka a watan Fabrairu da Mayu, ramuwarta ta isa Kaduna da Zariya. A Mayun 1999 Kafanchan ta sake rikicewa kan bai wa sabon Sarkin Jama'a sanda. A Afrilun 2011 ramuwar ta juyo ta ɗaya fuskar: tarzomar bayan zaɓe ta fara a biranen Arewa inda aka far wa Kiristoci, sai aka huce a kan Musulmin Zonkwa da Matsirga da Kafanchan. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum fiye da 800 a jihohi 12 cikin kwana 3, fiye da 500 daga ciki a Kudancin Kaduna. Kasuwar Kafanchan ta ƙone, unguwanni suka ƙara rabuwa. A ƙarshen 2016 kuma hare-hare a ƙauyuka irin su Godogodo da Goska suka sake jefa iyalai cikin makoki.

Abin lura a nan shi ne matsayin Musulmin yankin. A Zonkwa ko Kagoro shi ne mara rinjaye, amma a jihar baki ɗaya 'yan'uwansa ne ke da yawa. Abin da Musulmin Zariya ya yi wa maƙwabcinsa Kirista, Musulmin Kafanchan ne ke biyan bashinsa, haka kuma abin yake ga Kirista. Sira ta yi magana a kan hali biyun.

3.0 Makka: Shekara 13 Cikin Rashin Rinjaye

An haifi Annabi wajen shekarar 570 a cikin al'ummar da fansa ke riƙe da ita. Yaƙin Basusa tsakanin Bakar da Taglib, wanda ya tashi a kan raƙuma guda, an ruwaito ya ɗauki shekara 40. A wurin Balaraben jahiliyya, jinin kowane ɗan ƙabilar makashi ya isa biyan bashi. Tun kafin annabci, Annabi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi bin Jud'an, inda wasu dangogin Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo. Bayan zuwan Musulunci ya yabi wannan alkawari, ya nuna da za a sake kiransa ga irinsa zai amsa, alhali waɗanda suka ƙulla shi masu bautar gumaka ne.

Daga saukar wahayi a 610 zuwa hijira a 622, an azabtar da Bilal, an kashe Sumayya da mijinta Yasir, an ƙaurace wa Banu Hashim kusan shekara 3 har suka ci ganyen itace. Duk da haka sira ba ta kawo mana daren da Musulmi suka fita suka kashe wani Baƙuraishe da suka tarar shi kaɗai ba. A Ɗa'ifa an jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an ba shi zaɓin a halaka mutanen da suka ƙi shi, ya ƙi, yana fatan tsatsonsu zai fitar da masu bauta wa Allah. Wanda ya kawo masa inabi a wannan rana Addas ne, bawa Kirista mutumin Ninawa. Wanda ya ba shi kariya ya koma Makka Muɗ'im bin Adi ne, mushriki, kuma Annabi bai manta masa da wannan alheri ba har bayan Badar. A daren hijira ya bar Aliyu don ya mayar wa mutanen Makka ajiyarsu da ke hannunsa, su da suka kewaye gidansa da takubba.

4.0 Madina: Lokacin da Ƙarfi Ya Samu

Wani zai ce haƙurin Makka na rashin ƙarfi ne. Amsar tana Madina. Garin da Annabi ya tarar bai daɗe da fita daga yaƙin Bu'as tsakanin Ausu da Khazraju ba, ga kuma ƙabilun Yahudawa. Takardar zaman tare da ya rubuta, wadda Ibn Ishaƙ ya kiyaye mana, masana suka karkasa ta sashe 47, ta bar wa Yahudawa addininsu, ta ɗora wa kowa kare garin, ta kuma tabbatar da ƙa'idoji biyu da suka fi shafar maganarmu. Na farko, ba a kama mutum da laifin abokin ƙawancensa. Na biyu, muminai za su haɗu a kan duk wanda ya yi ɓarna daga cikinsu, ko da ɗan ɗayansu ne. Alƙur'ani ya nanata ƙa'ida ta farko a surori 5: An'am aya ta 164, Isra'i 15, Faɗir 18, Zumar 7, da Najmi 38.

Misali mafi kusa da halinmu ya faru a shekara ta 4 bayan hijira. An yaudari makaranta Alƙur'ani kimanin 70 da Annabi ya tura Najdu, aka karkashe su a Bi'ir Ma'una. Amru bin Umayya ya tsira. A hanyarsa ta komawa ya haɗu da mutum biyu 'yan Banu Amir, ƙabilar wanda ya jagoranci kisan. Ya jira suka yi barci a inuwa, ya kashe su, yana ganin ya rama wa 'yan'uwansa. Bai san cewa suna ɗauke da amanar Annabi ba. Da ya iso Madina, ga gari cikin makoki, ga Annabi cikin baƙin cikin da ya sa shi alƙunutu wata guda, amma bai ce madalla ba. Sai ya ɗauki nauyin diyyar mutanen biyu, ya tashi da kansa neman kuɗin biya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tare hanya ranar rikici, a sauke fasinja a tambaye shi suna ko a sa shi karatu, ya kwatanta wannan da wancan.

Bayan buɗe Makka a 630, Khalid bin Walid ya kashe wasu mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta. Annabi ya ɗaga hannu ya barranta ga Allah daga aikin, a bainar jama'a, bai duba matsayin Khalid a fagen daga ba. Ya aiki Aliyu da dukiya ya biya jini da asara, har Ibn Ishaƙ ya ambaci kaskon da kare ke lasa cikin abin da aka biya. A Makka kuwa, in ban da 'yan tsiraru da aka ambata da sunayensu saboda laifuffukan da su da kansu suka aikata, an yi wa kowa afuwa, har mabuɗin Ka'aba aka mayar wa Usman bin Ɗalha.

Akwai kuma darasin kashe wuta tun tana ƙarama. A Muraisi', wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa a bakin rijiya, kowa ya ƙwala wa mutanensa kira. Annabi ya tsawatar, ya kira wannan kiran jahiliyya. Da Abdullahi bin Ubayyu ya nemi hura wutar, Umar ya nemi izinin kashe shi, Annabi ya hana. Sai ya tayar da runduna a lokacin da bai saba tafiya ba, aka wuni aka kwana ana tafiya har rana ta yi zafi, mutane na sauka barci ya kwashe su, maganar ta mutu. A hajjin ban-kwana a 632 ya soke dukkan jinin jahiliyya, ya kuma fara da na gidansu, jinin ɗan Rabi'a bin Haris wanda Huzailawa suka kashe.

5.0 Kirista a Cikin Sira

Maƙwabcin Musulmin Kafanchan Kirista ne, don haka ya dace a san matsayinsa a sira. Waraƙa bin Naufal, wanda ya kwantar wa Annabi da Nana Khadija hankali bayan wahayin farko, Kirista ne. Ƙasar da Musulmi suka fara samun mafaka a 615 Habasha ce, ƙasar Kiristoci a nan Afirka, inda Najjashi ya saurari Ja'afar bin Abi Ɗalib yana karanta Suratu Maryam, ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa. A ƙarshen rayuwar Annabi tawagar Kiristocin Najran ta zo Madina, aka yi muhawara a kan Annabi Isa (AS), ba su musulunta ba, suka koma da yarjejeniyar da ta kare rayukansu da dukiyarsu da majami'unsu, ta kuma hana a tsige wani limaminsu daga muƙaminsa. Alƙali Abu Yusuf ya kawo ta a Kitabul Kharaj. Saɓanin aƙida ya tsaya a inda yake, babu wanda ya sassauta, amma jini da coci suka tsira. Suratul Hajji aya ta 40 ma ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah ke karewa daga rushewa.

Ciniki ma bai yanke ba, domin Annabi ya rasu sulkensa na jingine wurin wani Bayahude kan sa'i 30 na sha'ir. Manomin citta a Kachia ko ƙasar Jaba da ɗan kasuwar da ke saye yana lodi a Kafanchan, sau da yawa addininsu daban, amma da cutar citta ta afka wa gonaki a 2023 tare suka ji a jikinsu.

6.0 Amsa ga Masu Jayayya

Za a ce Annabi ya yi yaƙi, ya kori Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir, an kuma zartar da hukunci mai tsanani a kan Banu Ƙuraiza. Haka ne, kuma bai kamata malami ya ɓoye wannan ba. Amma waɗannan matakai ne na shugaban ƙasa a kan ƙungiyoyin da suka warware alkawari a lokacin yaƙi, kowace a kan abin da ta aikata. Da aka kori Banu Ƙainuƙa ba a taɓa sauran ƙabilun Yahudawa ba, kuma Yahudawa sun ci gaba da zama a Madina har rasuwarsa. Babu wani abu a nan da ya yi kama da gungun matasa ɗauke da fetur.

Za a kuma ce taɓa martabar Annabi ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne, zafin da Musulmi ke ji na imani ne, kuma ya kamata maƙwabtanmu su san girmansa. Sai dai malaman fiƙihu, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, a hannun alƙali da shugaba suka ajiye hukunci, bayan tuhuma da shaida, kuma a kan wanda ya yi maganar shi kaɗai. A tarzomar Kaduna ta Nuwamban 2002, wadda wani rubutu a jaridar ThisDay ya tayar, an kashe mutum fiye da 200, kuma babu marubuciyar a cikinsu. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mumini ga barin adalci, Suratul An'am aya ta 108 kuma ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama.

7.0 Alamun Cewa Abin Mai Yiwuwa Ne

Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance abokan gaba a rikicin 1992, inda Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Daga 1995 suka koma aikin sulhu tare, kuma Ashafa ya sha faɗin cewa huɗuba a kan afuwar Annabi a Ɗa'ifa ce ta juya zuciyarsa. Ranar 23 ga Maris 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan, daga baya aka kafa allon neman gafarar juna a Samarun Kataf. A watan Janairun wannan shekarar ne malaman duniyar Musulmi suka fitar da Sanarwar Marrakesh kan haƙƙin marasa rinjaye, suka gina ta a kan takardar Madina. A lokacin wani hari a Yunin 2018 kuma, a Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi ta Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga.

8.0 Shawarwari

Na farko, makarantun Islamiyya su faɗaɗa darasin sira ya wuce jerin yaƙoƙi, a koyar da Hilful Fudul da takardar Madina da Bi'ir Ma'una da yarjejeniyar Najran da Hausar da yaro zai gane. Na biyu, masu wa'azin Maulidi da tafsiri su tuna cewa lasifika ba ta tsayawa a bangon masallaci, kuma Hausa ce harshen da Bajju da Atyap da Bafulatani duk suke ji. Na uku, limaman Kaduna da Zariya da Kano su riƙa yin huɗuba a kan haramcin ramuwa tun kafin zaɓe, domin abin da aka yi a can a nan ake biya. Na huɗu, shugabannin Musulmi su daina rufa wa mai laifi asiri don namu ne, su miƙa shi ga hukuma, su kuma nemi ɗaya ɓangaren ya yi haka. Na biyar, gwamnati ta hanyar Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2017, tare da sarakuna, ta tabbatar da hukunta masu laifi da biyan diyya, domin rashin hukunci ne ke sa mutane ɗaukar doka a hannunsu. Na shida, a koya wa matasa tantance labari kafin a tura shi a WhatsApp ko Facebook, bisa umarnin Suratul Hujurati aya ta 6.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa hana kama wani da laifin wani ginshiƙi ne a saƙon Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya riƙe yana mai rauni a Makka, ya riƙe yana da ƙarfi a Madina, ya kuma rufe rayuwarsa da shi a Arfa. Mutanenmu kan ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma tun 1987 Kudancin Kaduna ke ɗanɗanar wannan zafi ba tare da wani ɓangare ya ci riba ba. Musulmin da ya kashe matafiyi ko ya ƙona coci da sunan kare martabar Annabi, saɓa wa Annabi ya yi. Ina kira ga malamanmu, tun daga mai koyar da yara a zaure har limamin Juma'a, su mayar da wannan babi na sira karatun yau da kullum. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar da Kafanchan da Kudancin Kaduna da Nijeriya baki ɗaya lafiya.